Shekarar da Muka Ɗora Dutse a Zango

Jikata Nafisa, wadda ke karatu a ƙasar waje, ta zo hutu bara. Muna zaune a tsakar gida ta ba ni labarin wani gari da ta ziyarta a can. Ta ce asalinsa fili ne a bakin ruwa, inda wasu kiristoci suke taruwa duk bazara su kafa tantuna, a yi kwanaki ana wa'azi da waƙoƙin addininsu, in an gama kowa ya naɗe kayansa ya koma garinsu. A hankali wasu suka sa wa tantinsu katako, wasu suka ƙi tafiya da sanyi ya shigo, yau ga shi gari ne mai tituna da makaranta. Tana faɗa tana zare ido, wai abin al'ajabi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce mata, ke da kika ƙetare teku don ki ga wannan, a kan irinsa aka yanke miki cibiya. Daga nan na lura ba ita kaɗai ba ce, ku ma iyayenta ba ku san yadda unguwar nan ta fara ba. Wasunku suna cewa guzuri ne ya ƙare wa kakanni suka maƙale, wasu suna cewa hukuma ce ta yanka mana fili. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, don haka ku saurara.

Mun taso daga ƙauyenmu na bakin kogi a Sudan, ni da mahaifinku Malam Isiyaku da mahaifiyarsa Iya Dije, 'yan shekaru bayan an rushe ganuwar Jidda. Aurenmu bai daɗe ba. Hajji muka zo yi mu koma, shi ya sa ko tukunyar da uwata ta ba ni ban ɗauko ba. Da jirgin ruwa ya sauke mu, aka nuna mana kudu, aka ce mu wuce unguwar Hindawiyya, za mu ga zangon mutanenmu. Muka tarar da fili mai farar ƙasa, gishiri ya yi mata ɓawo, ba itace ba ciyawa. A kansa bukkoki ne birjik, na sanda da tabarmar kaba da buhun algarara, kuma ko ƙusa ɗaya babu a jikinsu, dukansu da igiya aka ɗaure su. A tsakiya akwai babbar rumfa, nan mai zangon yake zama, wani dogon tsoho mutumin ƙasar Katsina da ake kira Shehu Bawa. Daga watan Rajab mutane ke fara sauka: Kanawa, Barebari, Zabarmawa, da mu Hausawan Sudan. Da azumi Shehu ya yi tafsiri. Bayan salla ya ajiye akwati a tsakiyar fili, ya lulluɓe shi da baƙin zane, ya sa mu yi ta zagayawa yana gyara mana ɗawafi. Ban taɓa ganin wuri mai rai irin wannan ba. Kowane lungu da yarensa, kowace tukunya da ƙamshinta.

Dokar Shehu ba ta da yawa. Ba a gini da ƙasa ko dutse, ba a shuka, kuma in jirgin ƙarshe ya kwashe alhazai, sai a kwance kowace bukka, a tara sanduna wuri guda, a bar fili yadda Allah ya yi shi. Ana kiran ranar da ranar kwance. Shi kansa Shehu sai ya hau babbar mota ya tafi Makka, ba a sake ganinsa sai wani Rajab. Ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya gajiya da tambaya, har uwata takan ce in na je lahira ni zan riga mala'iku. Na tambayi matan da ke kusa da mu dalilin dokar. Suka ce fili na baƙin Allah ne, wanda ya gina ya tare wa na baɗi wuri. Na ce to wa ya ba Shehu filin? Suka ce in ja bakina in yi shiru.

Mun yi hajji lafiya, mun je Madina mun dawo zango muna jiran jirgi. Wata safiya Iya tana alwala buta ta suɓuce daga hannunta. Kafin in tashi ta zube. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, harshenta ya yi nauyi. Likitan jirgi ya dube ta ya girgiza kai, ya ce ba za ta hau ba. Mahaifinku ya je ya durƙusa gaban Shehu. Shehu ya ce larura ce, bukkarmu ta tsaya, amma ita kaɗai, kuma da ta ji sauƙi mu bi jirgin baɗi. Mahaifinku ya ba shi hannu a kan haka. Ranar kwance ina zaune a bakin ƙofa ina kallo, gari guda ya narke a gabana kafin la'asar. Motar Shehu ta tashi, ƙurarta ta kwanta. Ga ni da ƙaramin ciki, ga suruka a kwance, ga fili fetal har bakin teku. Na shiga ciki na yi kukana inda Iya ba za ta gani ba.

Washegari da sassafe ƙarar turmi ta tashe ni. Na leƙa. Mutane ne, ba su da yawa, suna zaro sanduna daga tarin jiya suna sake kafawa, kowa a gurbinsa, ba gardama ba aune-aune. Mai dakan wata gajeriyar tsohuwa ce mai tsagar Gobirawa, Gwaggo Tabawa, wadda na sani da sayar da waina a bakin rumfa. Na gaishe ta, na kasa haƙuri.

"Gwaggo, ba jiya na ga kin kwance ɗakinki ba?"

"Da idonki kika gani, 'yar nan."

"To yau kuma fa?"

"Yau na ɗaure. Shehu ya ce a kwance, mun kwance. Mun kwana a bayan tudu, ga shi mun dawo."

"Ya sani?"

Ta ajiye taɓarya ta dube ni sama da ƙasa.

"In ya dawo ki tambaye shi. Yalla, maza ɗauko ƙwarya ki karɓi gasara, ki dama wa marar lafiya kunu."

Ashe shekaru ke nan ana haka. Akwai wanzami da iyalinsa, akwai masu wanki da guga, akwai mai tsire, akwai masu ga-ruwa. Kowa da abin da ya tsayar da shi shekarar farko, daga nan sai shekara ta bi shekara. Mahaifinku, mutumin da alƙalami da allo kawai ya sani, ya rataya sanda a kafaɗa da garwa biyu ya shiga kai ruwa gidajen cikin gari. Ni kuma in na gyara Iya, matar wanzami ta zauna da ita, sai in bi Gwaggo zuwa kasuwar Bab Makka da faifan waina a ka. A can na tsinci Larabcina na farko, na ciniki da na zagi. A hanya ina tambaya, a gida ina tambaya: wa ya fara sauka a nan? Wanzami ya ce wani attajirin Balarabe ne ya ba da filin sadaka, don wani mutuminmu ya tsamo ɗansa daga teku. Mai tsire ya ce ƙarya ne, masaukin raƙuma ne tun zamanin da, da motoci suka zo aka bar shi. Gwaggo ta ce ita dai da ta iso Shehu ta tarar, da bukka ɗaya da akuya ɗaya. A bayan zangon akwai wani ɗan tudun yashi da aka kewaye da ɓawon katantanwar teku, ko yara ba sa takawa. Duk wanda na tambaya a kansa sai ya kawo wata magana.

Kun san ruwan Jidda. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, ranar da ya zo kuwa sai ya biya bashin gaba ɗaya. Mu ba mu sani ba. Wata rana da sanyi, bayan azahar, sama ta yi baƙi. Na fito ina murna ina jera ƙore, ina tuna damina a gida. Ban ankara ba sai ga ruwa ya taho daga wajen duwatsun gabas, ja wur, a ƙasa yake gudu ba daga sama ba. Ƙasar gishiri ba ta shan ruwa. Kafin in koma ciki ya ɗaga tabarmar da Iya ke kwance a kai. Mahaifinku yana cikin gari. Na sa hannu a hammatar Iya na ja ta na jingina da ƙirjina, na zauna a kan akwatinmu, ruwa yana wucewa ta gwiwoyina da takalma da ludayi da gawayin mutane. Ba ta iya ihu ba. Idonta kawai ke bin ruwan, hannunta mai lafiya ya damƙe zanena. Haka muka zauna har ya janye gab da magariba. Matar da ta raini 'ya'ya ta aurar, ta yi noma da hannunta, ranar nan da ba na kusa, da ruwan da bai kai ƙugu ba ya tafi da ita.

Da safe, muna shanya kaya, na ce wa mahaifinku:

"Malam, zan yi wa Iya dakali."

"Da me?"

"Da dutse."

Ya daɗe yana matse rigarsa.

"Mairo, na ba Shehu hannu."

"A kan gida ka ba shi. Dakali ba gida ba ne."

"Gwaggo Tabawa ta koya miki irin maganarta," in ji shi. Bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi mahaifiyarsa, tana kwance a kan buhun da muka aro, laka ta bushe a gashinta. Da yamma ya dawo garwarsa biyu cike da dutse.

A lokacin ana rushe wasu tsofaffin gidaje a cikin gari, ana zubar da duwatsunsu. Dutsen teku ne, fari, mai huji-huji, ba shi da nauyi kamar namu. Ban taɓa gini ba, amma na iya daɓe da yaɓe tun a gida. Na kwaɓa laka daga bakin teku na jera su yadda hankalina ya ba ni. Na farko ya zube. Na biyu ya tsaya, ya kai min gwiwa. Muka ɗora Iya a kai, ta shafa shi da tafin hannu ta lumshe ido. Bayan 'yan makonni iskar arewa ta fara hura mata a baya ta cikin tabarma, na ce ai sai a ɗan ɗaga bango gefe guda. Gefe guda ya kai kafaɗa. Da ya tsaya shi kaɗai sai ya zama abin tsoro, kada ya faɗo mata, dole a tokare shi da na biyu. Mahaifinku yana kawo dutse yana istigfari. Maƙwabta suna zuwa kallo, su ƙwanƙwasa bangon, su tafi. Ban daɗe ba na ga wanzami yana dawowa daga aski da dutse a cikin zabirarsa. Kafin in haifi yayanku Habibu, a cikin ɗakin nan mai bango huɗu da rufin tabarma, bango ya tashi a wurare da dama.

Da Rajab ya kama, motar Shehu ta tsaya a bakin fili. Ya sauko da sandarsa. Bai je rumfa ba, kai tsaye ya nufo mu, mutane suna biye da shi nesa-nesa. Ya buga bangon da sanda.

"Wa ya ɗora wannan?"

"Ni ne, Allah gafarta malam," in ji mahaifinku.

Ina bayan ƙofa da Habibu a goye. Na ce, "Shi ya kawo dutse. Ni na ɗora."

Shehu bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa.

"Yarinya, bana bango kaɗan ne. Baɗi fa? Akwai tsohuwar da yanzu haka take tafe a ƙasa daga Wadai, ta sayar da duk abin da ta mallaka. In ta iso ta tarar da ƙofofi a rufe, ina za ta sauke kayanta? Ke da kika zo, wa ya tambaye ki ko 'yar wace ce?"

Sai Iya ta yi wani sauti daga ciki. Shehu ya yi sallama ya sunkuya ya shiga. Ta buga dakalin da hannunta, sannan ta ɗora hannun a wuyanta, ta yi ta kokawa da harshe har kalma ɗaya ta fito: "Ruwa." Ya tsaya yana kallonta. Daga baya ya zauna a ƙasa, shi da ko'ina sai an shimfiɗa masa buzu. Ni kuma abin da ya daɗe yana cina ya taso, na ji bakina ya riga ni.

"Allah gafarta malam, wa ke kwance a tudun can na baya?"

Mahaifinku ya runtse ido. A waje na ji Gwaggo ta ce, "La ilaha." Shehu ya juya carbinsa.

"Uwar 'ya'yana ce. Tare muka zo. Muna jiran jirgi zazzaɓi ya ɗauke ta. Da jirgin ya zo na ce sai na gaba."

"Shi ne farkon zangon?"

"Ban san na fara komai ba. Rana ce ta dame ni na kafa rumfa. Wasu suka hango rumfa suka sauke kaya."

"To su Gwaggo da suke komawa bayan tudu su dawo, ka sani?"

"Ke ba kya ƙoshi?" in ji shi, na ga gemunsa ya motsa. "Wa kike tsammani ke share mata yashi in ba na nan?"

Ranar Juma'a bayan salla ya tara mutane ya yanke hukunci. Wanda larura ta zaunar ya gina, amma filin tsakiya da rumfa ba mai taɓawa. Kuma duk gidan da aka ɗora sai an fitar masa da ɗaki guda mai ƙofa ta waje, ba kulle, na duk baƙon da ya zo hajji. Aka shafa fatiha, magana ta ƙare. Wannan shi ne ɗakin da kuka taso kuna kira ɗakin baƙo.

Da jiragen wannan shekara suka fara lodi, mahaifinku ya same ni ina wanke wa Iya ƙafa. Ya ce ita dai ba za ta iya teku ba, amma in ina so zai haɗa ni da mutanen garinmu, in kai wa uwata jikanta ta gani, shi ya zauna da tasa. Na tuna ranar da muka rabu da uwata, ta rako ni har bakin kogi tana cewa kada in tsaya surutu a hanya. Na dubi Iya, wadda a lokacin ba wanda ke gane maganarta sai ni. Na ce sai baɗi. Iya ta rayu shekaru masu yawa a kan dakalin nan, 'ya'ya suka ƙaru, baɗi ta yi ta matsawa. Wata shekara wata 'yar garinmu ta sauka a ɗakin baƙonmu, ta ci abinci ta huta, sannan ta yi min ta'aziyyar uwata, tana zaton na riga na ji. Ta ce duk lokacin da alhazai suka koma, uwata takan zauna a bakin hanya tana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarsu tsawon Habibu. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na zaɓa, kuma ina so ku san da me aka sayi ƙasar da kuke takawa.

Sauran kun ga wani sashe da idonku. Rufin tabarma ya koma kwano, dutse ya koma bulo. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka zo da fenti suka sa wa ƙofofi lamba, aka ja famfo, mahaifinku ya ajiye garwa ya buɗe makarantar allo. Aka fara maganar iƙama, takardar izinin zama. Rumfa ta zama masallaci. Ranar kwance ba ta mutu nan da nan ba: mun daɗe muna taruwa bayan tafiyar alhazai, a kwance igiya ɗaya daga jikin rumfar ƙofar masallaci, a ci wainar Gwaggo, a sake ɗaurewa, yara suna tambayar dalili. Filin tsakiya kuwa, kowa ya ɗan matsa kamu ɗaya, har ya zama lungun da kuke ajiye mota. Maganar Shehu ta tabbata, sai dai ba ta hanyar da ya zata ba. Alhazai suka koma jirgin sama, hukuma ta yi musu masauki nata, motoci suna kwasarsu kai tsaye. Wata shekara muka share ɗakunan baƙi, muka cika randuna, ba wanda ya zo. Ɗaya bayan ɗaya ɗakunan suka zama shago, ko ɗakin samari.

Namu ɗakin baƙon dai bai zauna babu kowa ba. Da idon Shehu ya tafi, ƙafa ta ƙi hawa mota, mahaifinku ya je ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Ya yarda ya shiga bisa sharaɗin ba za a sa wa ƙofar sakata ba. Kayansa suna cikin jakar fata ɗaya, a ɗaure, kullum a ƙarƙashin kansa. In na wanke masa riga sai ya lalubo jakar ya mayar da ita ciki ya ƙulle. Wata safiya a ƙarshen rayuwarsa na kai masa kunu, na tarar yana shafa bangon da yatsunsa, yana bin layin laka tsakanin duwatsu.

"Wannan ginin naki a karkace yake, Mairo."

"Na farko ne, Allah gafarta malam. Har yanzu kana jin haushinsa?"

"Ina ji."

"To me ya sa ba ka kwance jakarka ba, tunda dai ga ka a ciki?"

"Ni baƙo ne. Ke ma baƙuwa ce, da ke da dutsenki." Ya kurɓi kunun, ya ja mayafinsa zuwa wuya. "Amma ki tura min ƙofar nan. Iska tana shigowa."

Na tura.